Studebaker ta 1950 tana ƙin tashi idan inji ya ɗau zafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sanin tsofaffin motoci, ina neman taimakonku. Ina zaune a Amurka, kuma ina da Studebaker Champion ƙirar 1950, mai ƙofa biyu, wadda ake kira Starlight. A South Bend ta jihar Indiyana aka ƙera ta. Hancinta mai tsini ne, da zoben ƙarfe mai ƙyalli a tsakiya, irin na gaban jirgin sama mai farfela, gilashin bayanta kuma yanki huɗu ne da suka zagaye kujerar baya. Wannan hancin ne ya sa na ƙwallafa rai a kanta har aka gama gyaran bodi da fenti.

Ga damuwata. Da safe, ina danna kuloci har ƙasa (maɓallin sitata a ƙarƙashinsa yake) sai ta tashi nan take. Amma idan na yi tafiya inji ya ɗau zafi na kashe, sitata sai ta riƙa juyawa da ƙyar, dole in jira ta huce. Batir sabo ne, na kankare kawunansa tas, an duba filogi da kafireto.

Lantarkinta volt 6 ne, kuma wayar fositif ake ɗaurawa a jikin bodi. Bakanikena ya ce mu mayar da ita volt 12 mu huta. Raina bai kwanta ba, ina so ta zauna yadda kamfani ya yi ta. Wayoyin batir da ya sa mini na motocin zamani ne, sirara. Shin su ne matsalar, ko sitatar ce ke son a kwance ta? Don Allah wanda ya taɓa gyara irinta ya faɗa mini inda zan fara dubawa.