Na sayi agogo mai tsada a Dubai, amma kantin ya ƙi kula ni: mene ne mafita?

Alhaji na Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar agogo. A tafiyar da na yi zuwa Dubai domin sarin kaya, na shiga wani babban kanti na sayi agogon Suwizalan irin wanda ba ya aiki da batir, wanda motsin hannu ke ɗaura masa zare, kuma kuɗin da na biya miliyoyin sefa ne da na daɗe ina tarawa. Ba zan ambaci sunan kantin ko na kamfanin ba. Tun shigata aka bar ni tsaye, ma'aikacin yana ta hidima da waɗanda suka zo bayana, da ya juyo kuma sai ya riƙa ba ni amsa a gajarce yana duba wayarsa. Ya rage mini tsawon sarƙar agogon, bai ba ni ƙwayoyin da ya cire ba, bai nemi fasfona domin maganar mayar da haraji ba, katin garanti kuma ya sa shi cikin akwati babu kwanan wata a jikinsa. Yanzu na dawo Damagaram, agogon yana gudu da kusan minti biyu a kowace rana, na rubuta musu ta WhatsApp sun karanta sun yi shiru. Shin in kai shi wurin masu gyara a Kasuwar Dole, ko akwai hanyar da zan bi in karɓi haƙƙina?

Malam Mai Gyaran Agogo:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sana'ata ce, amma ina roƙonka kada ka kawo mini shi, kada kuma ka bari kowa ya buɗe bayansa, domin da zarar wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe, garanti ya faɗi. Manyan kamfanoni suna ba da lokaci mai tsawo: Rolex shekara 5 tun daga 2015, Omega ma shekara 5 tun daga 2018. Asara ce babba a zubar da wannan saboda gaggawa.

Gudun minti biyu a rana ya wuce ƙa'ida nesa. Agogon da ya ci jarrabawar hukumar COSC ta Suwizalan ba a yarda ya yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko gudun da ya wuce daƙiƙa 6 a rana ba. Sai dai sau da yawa dalilin ba lalacewa ba ne, maganaɗisu ne. A cikin agogon akwai wata siririyar waya nannaɗaɗɗiya mai kama da gashi, ita ce ke daidaita bugunsa. Idan aka ajiye shi kusa da lasifika ko murfin jaka mai maganaɗisu, sai zagayen wayar su manne da juna, ta gajarce, agogo ya riƙa sauri. Ka kusantar da kamfas irin na duba alƙibla, mai allura, zuwa jikinsa. Idan allurar ta karkata, to wannan ne, kuma ana cire shi da ƙaramar na'ura ba tare da an buɗe komai ba. Ka kuma riƙa murɗe maɓallin gefe ka rufe shi gam, musamman a ƙurar hunturu.

Hajiya Mai Atamfa:

Alhaji, ni tarbar ce ta fi ɓata mini rai. Mu da muke zaune a shago mun san mai sayen turmi ɗaya ma ana shimfiɗa masa tabarma a kawo masa ruwan sanyi, balle wanda ya ƙirga miliyoyi. Wasu ma'aikatan irin waɗannan kantuna suna auna mutum da tufafinsa da harshensa, wasu kuma hankalinsu yana kan tsofaffin abokan cinikin da ake ajiye wa agogunan da ke wuyar samu. Ko wanne ne, bai zama uzuri ba, kuma shirunmu ne ke sa su ci gaba. Ka daina rubuta wa ma'aikacin. Ka rubuta wa manajan kantin ta imel, ka sa lambar rasit da lambar jikin agogon da ranar ciniki, ka jera abu uku da kake nema: ƙwayoyin sarƙa, tabbacin garanti a rubuce, da duba agogon kyauta. Idan suka yi biris, hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai tana karɓar koken masu sayayya ta intanet, ko da mutum ya bar ƙasar.

Ɗan Zongo:

Ranka ya daɗe, bari in ƙara kan maganar haraji. Tun 2018 Daular Larabawa take karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kaya, baƙo kuma yana iya karɓar mafi yawansa idan sayayyar ta kai dirhami 250, amma sai kanti ya yi rajistar cinikin da fasfo, sannan a tantance a filin jirgi cikin kwana 90 kafin mutum ya fita da kayan. Tunda ka riga ka fito, ina ganin wannan ya wuce, sai dai ka sa shi cikin kokenka domin a san sakacin ma'aikacinsu ya jawo maka asara.

Game da katin, kada hankalinka ya tashi tukuna, domin wasu kamfanoni yanzu ta na'ura suke rajistarsa ranar ciniki. Ka aika wa kamfanin da kansa lambar agogon, ka tambaye su ko an yi rajista da kuma ko kantin wakilinsu ne na hakika. Wannan tambaya ta biyu ita ce mai nauyi a wurina, domin idan ba wakili ba ne, garantin da kake da shi na kantin ne kawai.

Alhaji na Birni:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na gwada kamfas ɗin da la'asar, allurar ta karkata sosai, kuma lallai kusa da rediyo nake ajiye agogon da dare. Zan zo shagonka gobe a cire maganaɗisun kawai. Hajiya, ɗana yana shirya wasiƙar manajan da Turanci, mun haɗa hoton rasit da na katin. Abin da ya rage shi ne ƙwayoyin sarƙar: idan suka amince su bayar, zan iya wakilta wani ɗan uwa da ke Dubai ya karɓa da hoton rasit, ko dole sai na je da kaina?