Neman shawara a kan haɗa kwaɓin wasan yara a gida

Maman Khalifa, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan kwaɓin da ake ba yara ƙanana domin su riƙa murzawa suna mulmulawa da hannu, irin wanda ake sayarwa a cikin 'yan robobi masu launi daban-daban. Yarana biyu ne, babban yana da shekara 4, ƙanwarsa kuma shekara 1 da wata 5. Na kanti ya yi tsada, kuma da zarar yaro ya bar murfin a buɗe sai ya bushe ya zama asara. Na ji cewa ana iya haɗa shi a gida da fulawa da gishiri, amma ban san awon ba, kuma ina son in ji ko garin gero ko na dawa zai iya maye gurbin fulawa, tun da su ne muke da su a ajiye. Haka kuma ina tambaya a kan abin da za a ba shi launi da shi, da tsawon lokacin da yake ɗauka bai lalace ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramar, domin duk abin da ta ɗauka sai ta kai baki, kuma ba za ta yarda yayanta ya yi wasa ita tana kallo ba.

Malama Binta, malamar nazare, Katsina

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Muna haɗa shi a aji, kuma ga yadda muke yi. Ki ɗauki gwangwanin madara ya zama shi ne ma'auninki. Ki auna fulawa gwangwani 2, gishiri mai laushi gwangwani 1, ruwa gwangwani 2, man girki cokali 1 zuwa 2 na cin abinci, sai ruwan lemun tsami cokali 2. Ki tankaɗe fulawar, ki haɗa ta da gishirin a cikin tukunya tun kafin ki ɗora a wuta, ki zuba ruwan da man da lemun tsamin, ki dama sosai har gudajin ya baje. Sannan ki ɗora a wuta kaɗan ki riƙa tuƙawa da muciya kamar mai tuƙa tuwo, ba tare da kin ɗaga hannu ba, domin saurin kamu gare shi. Cikin 'yan mintuna za ki ga ya fara yin kauri, ya saki jikin tukunyar, ya dunƙule wuri ɗaya. A nan ne za ki sauke, ki juye a tire, ki bari ya huce, sannan ki murza shi da hannu har ya yi santsi. Idan yana manne wa yatsu to bai gama dahuwa ba, sai ki mayar da shi wuta kaɗan, kada ki yi ta ƙara ɗanyar fulawa.

Kowane abu a cikin haɗin nan da aikinsa. Wuta ita ce take sa sitacin fulawar ya sha ruwa ya kumbura, shi ya sa dafaffen kwaɓi ya fi ɗanye taushi da daɗewa. Gishirin yana hana shi tsami da fumfuna, man yana hana shi mannewa a hannu, lemun tsamin kuma yana ƙara masa laushi da juriya. Turawa suna amfani da wani farin gari mai tsami na masu yin kek a madadin lemun, amma ba lallai ba ne ki wahalar da kanki wajen nemansa. Na kantin ma ba wani abin mamaki ba ne a cikinsa: Play-Doh, wani irin kwaɓin kanti wanda aka fara sayarwa a matsayin kayan wasa a Amurka a 1956, asalinsa kwaɓin goge baƙin hayaƙin kwal ne daga takardar da ake liƙawa a bangon ɗaki, kuma har yau ruwa da gishiri da fulawa ne mafi yawan abin da ke cikinsa.

Game da garin gero da na dawa, ba za su ba ki abin da kike so ba. Alkama tana da wani danƙo da babu shi a gero da dawa da masara, kuma shi ne yake sa kwaɓin ya miƙe idan aka ja shi. Na gero yana dunƙulewa, amma da yaro ya mulmula shi ya yi tsawo sai ya kakkarye. Idan so kike ki rage tsada, kina iya sa kashi ɗaya na garin gero a cikin kashi uku na fulawa, fiye da haka kuwa ba ya riƙewa.

Launi kuma, mafi sauƙi shi ne kalar abinci da masu kek suke amfani da ita, a ɗiga ta a cikin ruwan tun kafin a dama. Idan kin fi son na gida, ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja mai ɗan duhu, kurkum yana ba da ruwan ɗorawa, garin zogale ko na kuka kuma yana ba da kore mara haske, sai dai kuka tana kawo yauƙi idan ta yi yawa. Kurkum yana kama tufafi, saboda haka a sa wa yaro tsohuwar riga. Kada a kuskura a yi amfani da kalar rinin kaya ko fenti.

Ajiyarsa ta danganta da yanayi. Da hunturu iskarmu ta Katsina tana busar da shi nan da nan, don haka a ƙulle shi a leda a saka a roba mai murfi da zarar an gama wasa, idan kuma ya fara tsattsagewa a jiƙa hannu a sake murza shi. Da damina akasin haka ne, gishirin yana jawo laima sai ki ga ya yi gumi, sai a barbaɗa masa fulawa kaɗan. Yana kai makonni idan ana kula da shi, amma duk ranar da ya canza wari ko wani ɗigo ya fito a jikinsa, a zubar.

Anti Nas, Daura

Malama Binta ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka mata da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan tsaya ne a kan ƙaramar yarinyar, domin wancan haɗin na yayanta ne, ba nata ba.

'Yar'uwa, ki dubi yawan gishirin. Gwangwanin madara ɗaya na gishiri ya haura giram 150, kuma idan aka lissafa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin kwaɓin gishiri ne zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babban mutum shawarar kada gishirin da yake ci a yini ya kai giram 5, na yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kuwa hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce bai kamata ya wuce giram 2 ba. Ke nan curi ɗaya da bai fi cikin cokalin cin abinci ba ya zarce abin da ya dace yarinyarki ta ci a yini guda, alhali ƙodarta ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da shi da sauri ba. Mutane sukan ce ai ɗanɗanon zai sa yaro ya tofar, kuma yawancin yara suna tofarwa, amma akwai waɗanda suke haɗiyewa, kuma ba a gane wane ne wane sai abin ya faru. Idan yaro ya haɗiye da yawa, alamomin su ne amai, da matsananciyar ƙishirwa, da yawan kuka ko kasala da barcin da ba a saba gani ba, idan ya tsananta har da jijjiga. A ba shi ruwa ya sha kaɗan-kaɗan, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro ko a ɗura masa manja domin ya yi amai, a kai shi asibiti a faɗi abin da ya ci da kimanin yawansa.

Shawarata ita ce a yi wa ƙaramar nata daban, babu gishiri ko kaɗan: fulawa da ruwa da ɗan mai, a dafa shi ya dahu sosai, a yi wasa da shi a ranar, da yamma a zubar. Ina jaddada dafawar ne saboda ɗanyar fulawa tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa, kuma wuta ce take kashe su. Sauran tuwon shinkafa ko na masara mai tsabta ma ya wadatar da yarinya mai wannan shekaru, tun da ita ba siffa take ginawa ba, damƙa da matsawa da shafawa ne wasanta. Idan kuma yaran biyu za su zauna a tabarma ɗaya, to duk su yi amfani da marar gishirin, a ajiye mai gishirin sai ta yi barci.

Akwai wasu abubuwa uku da zan ƙara. Kada a cusa wake ko duwatsun ado ko maɓalli a cikin kwaɓin matuƙar akwai yaron da bai kai shekara 3 ba a wurin, saboda shaƙewa da turawa a hanci. Kada a ba shi launi da lalle, domin ban da rina hannu da yake yi, yana da haɗari ga jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari na jini da ake kira G6PD, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sannan idan yaro yana yin ƙuraje ko kumburi in ya ci gyaɗa ko alkama, a kauce wa man gyaɗa da fulawa gaba ɗaya.

Kakan Yara, Rafindadi, Katsina

'Ya'yana, na karanta bayananku kuma na ƙaru, amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Fulawa abinci ce, kuma kowa ya san yadda kuɗin mudu ya kai a kasuwa. Yaya za a tuƙa ta a miƙa wa yaro ya yi wasa da ita, sannan da yamma a zubar, alhali muna koya masa cewa ko ƙwayar hatsi ce ta faɗi ƙasa ya tsince ta? Mu da muke yara, da damina laka muke ɗebowa mu gina shanu da raƙuma da dawaki, mu kafe su da tsinke mu shanya a rana, 'yan mata kuma suna tuwon ƙasa da 'yan tukwanensu. Babu wanda ya kashe ko anini, kuma hannuwanmu sun ƙware. Ina ganin komawa ga wannan ya fi.

Malama Binta

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku tana kan hanya, kuma ni kaina ba na yarda a ba yara abincin da aka dafa domin ci su yi wasa da shi a gaban masu jin yunwa. Abin da ke sa na ga sauƙin mai gishirin shi ne gwangwani 2 na fulawa yana yi wa yaro makonni, yadda ake sayen alli ko fensir domin karatu, kuma amfaninsa ke nan: murzawa da tsunkulowa da mulmulawa suna ƙarfafa 'yan yatsun da zai riƙe alƙalami da su, yana kuma koyon babba da ƙarami da dogo da gajere, har ma ya siffanta baƙaƙen abacada da na Larabci kafin ya iya rubuta su. Na ƙaramar da Anti Nas ta ce a zubar kuwa, cokali 2 na fulawa ya isa, kuma tun da babu gishiri a ciki kaji suna iya cinyewa.

Laka kuwa ta fi fulawa kyau wajen gini, ban musa ba, kuma yaro ɗan shekara 4 zai ji daɗinta ƙwarai. Abin da ya canza shi ne inda ake ɗebo ta. Ƙasar da ke bakin kwata ko kusa da bola a cikin gari tana haɗe da ruwan masai da kashin dabbobi, kuma ta nan ƙwan tsutsar ciki yake shiga bakin yaro. Ba mu manta da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta gurɓata ƙasar tsakar gida, yara ɗaruruwa suka rasu. Saboda haka idan laka za a ba yaro, a sayi yumɓu a wurin masu ginin tukwane, a jiƙa shi da ruwa mai tsabta, a yanke wa yaron farce, a wanke masa hannu da sabulu idan ya gama. Yarinyar da har yanzu take kai komai baki kuma a dakata mata tukuna.

Maman Khalifa

Na gode ƙwarai, Baba da Malama da Anti, Allah ya bar zumunci. Zan yi wa Khalifa mai gishirin da ruwan zoɓo, in kuma nemo masa yumɓu kamar yadda Baba ya ba da shawara, ƙanwarsa kuma in riƙa tuƙa mata ɗan kaɗan marar gishiri. Tambaya ɗaya ta rage: muna da awaki da kaji a tsakar gida, shin idan mai gishirin ya tsufa zan iya ba su?

Anti Nas

A'a, 'yar'uwa, kada ki ba su. Yawan gishirin da ke cutar da yaro yana cutar da dabba, kuma kaji da kyanwa sun fi saurin kamuwa saboda ƙanƙantar jikinsu. Akuya kuma tana son gishiri, za ta cinye curin gaba ɗaya idan ta same shi. Ki ƙulle tsohon a leda ki jefa a shara inda ba za su kai gare shi ba, kuma ki riƙa shimfiɗa buhu ko leda a ƙarƙashin yaran lokacin wasa, domin ki tattare ɓurɓushin kafin kaji su tsince.