Wa ya taɓa yini a siririn jirgin ruwa a kanal ɗin Ingila?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda na bi ta Gas Street Basin a nan Birmingham sai in ga jiragen nan sirara masu fentin kore da ja a ɗaure a kanal, wato hanyar ruwan da mutane suka haƙa don jirage. Yanzu yara sun tasa ni gaba sai mun yi hayar ɗaya na yini guda. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari, kada in je in nutsar da iyali.

Ɗan Yauri: Wa alaikumussalam. Malam, yawancin kanal ɗin ruwansa bai wuce ƙirjin babban mutum ba, kuma ba a neman lasisin tuƙi. Masu hayar za su koya maka na ɗan lokaci su miƙa maka jirgi. Ni da na tashi a bakin kogi, da girman kai na je, ina cewa me Bature zai koya mini a kan ruwa. Ban yi minti goma ba na cusa hancin jirgin cikin ciyawar gaɓa. Sandar tuƙin a baya take, kuma a murɗe take aiki: ka tura ta dama, jirgi ya yi hagu. Babu birki, sai dai ka sa injin ya ja baya. Ga shi a titin ƙasar nan hagu ake bi, amma a kan ruwa idan kun haɗu da wani jirgi dama za ka riƙe. Gudun da doka ta yarda mil 4 ne a awa, kuma in za ka wuce jiragen da ke ɗaure sai ka ƙara ragewa, don gidajen mutane ne. Wata tsohuwa da karenta a hanyar gefe, wadda dawakai ke bi suna jan jirage a da, ta wuce mu tana ɗaga mana hannu. Wallahi ba mu sake cim mata ba.

Maman Biyu: Ɗan Yauri bai faɗi inda aikin yake ba. Lok! Wani ɗakin ruwa ne mai ƙofa gaba da baya, da shi jirgi ke hawa tudu ko ya sauka. Faɗinsa ƙafa 7, jirgin kuma ƙafa 6 da inci 10, kamar zare a kafar allura. Maigida ya kama sandar tuƙi ya ce shi ne kyaftin, ni aka miƙa wa ƙarfen murɗa mashigar ruwa. In murɗa, in jira ruwa ya yi daidai, in jingina baya da katakon ƙofa in tura. Sau shida a zuwa, sau shida a dawowa. Washegari ko tukunya ban iya ɗagawa ba. Amma ban yi da-na-sani ba, don a bakin lok na yi hira da Turawa fiye da yadda na yi a shekara uku a unguwarmu. Wanda ba zai amsa gaisuwarka a bas ba, a nan shi zai kama maka ƙofa yana tambayar daga ina kuke. Abu ɗaya da ba wasa: a lok akwai zurfi, yara su sa rigar kariya. In kuna sauka kuma, a matsar da jirgi gaba, akwai wani dakali a gindin ƙofar baya, in gindin jirgi ya hau kansa ruwa na janyewa, to an shiga uku.

Ɗalibi a Wrexham: Yaya, in za ku iya zuwa Wales ku hau gadar Pontcysyllte. An gama ta 1805, aikin injiniya Thomas Telford. Magudana ce ta ƙarfe cike da ruwa da jirgi ke bi, mita 38 a saman kogin Dee, tsawonta ya ɗan haura mita 300. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da shinge, ɗaya gefen babu komai sai iska. Abokina mai cika baki a ƙasan jirgi ya zauna yana salati har muka tsallake.

Malam Na Coventry: Ku kula da salla. Kanal lanƙwasa gare shi, alƙibla ba ta zama wuri ɗaya. Mu ɗaure jirgi muka yi, muka shimfiɗa darduma a ciyawa. Ku tafi da abincinku, akwai murhun gas a ciki.

Ɗan Yauri: Tunda Birmingham kake, duba wajen Alvechurch. Babu lok a shiyyar, sai dai ramin Wast Hill, inda kanal ke bi ta ƙarƙashin tudu, kusan kilomita 2 da rabi cikin duhu, ruwa na ɗiga a ka. Ta kudu kuwa kada ka wuce Tardebigge, lok 30 ne a jere. Ka tambayi inda ake juya jirgi tun kafin ku tashi, ba ko'ina yake juyuwa ba.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Uwargida ta karanta bayanin Maman Biyu, ta ce ita ce kyaftin. Alvechurch ɗin za mu nema.