Kango ko bukka? Neman kalmar Hausa ga "hut circle"

1. Jama'a, ku taya ni duba wata kalma. A tuddan Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila, akwai ragowar ɗakuna fiye da 5,000 na mutanen zamanin da, galibinsu na zamanin tagulla. Turawa suna ce musu "hut circles". Da Hausa fa?

2. Bari in kwatanta abin tukuna. A wani wuri mai suna Grimspound, ɗaki 24 ne a cikin katangar dutse guda, ƙorama tana ratsa gefenta. An zauna a wurin shekara wajen 3,000 da suka wuce, masu bincike suka tona shi a 1894. Kowane ɗaki zagayayye ne, bangonsa dutse, gajere. Rufin itace da ciyawa ne mai tsini, tamkar jinka, ya daɗe da ruɓewa. A ciki an tarar da gurbin murhu. Wasu ƙofofin har da ɗan lungu aka yi musu don kare iska, domin wurin akwai sanyi da hazo.

3. "Da'irar bukka" ce ta fara zo mini, amma ban yarda da ita ba. Bukka ba ta da bango, kara ne da ciyawa tun daga ƙasa. In ta rushe, damina biyu ta isa ta shafe sawunta. Waɗannan kuwa bangon ne kaɗai ya saura.

4. "Kewayen ɗaki" ma a ajiye shi, kowa ya san inda Bahaushe yake nufi in ya ce zai je kewaye.

5. Kalmar tana hannunmu tuntuni: kango. Wanda ya tashi a ƙauye ya san shi. Ɗaki ne da jinkarsa ta faɗi, mai shi ya rasu ko ya yi ƙaura, bango ya zaizaye har ya dawo iya gwiwa, awaki suna kwana a ciki, tafasa ta cika tsakiyarsa. Bambancin kawai, namu na ƙasa ne, nasu na dutse. Don haka ni dai na tsaya a kan "kangon dutse", jam'i "kangayen dutse".

6. Ƙauyen gaba ɗaya kuwa kufai ne, ba sai an ƙirƙiro komai ba. Sai mu ce: kufan Grimspound yana da kangon dutse 24.

7. Abin da ya rage mini shi ne "moor" da ke cikin sunan Dartmoor, wato tudu mai faɗi, ba bishiya, ƙasarsa baƙa, kullum a jiƙe. Fako busasshe ne, dausayi kuma a kwari yake. Malamai, wa yake da kalma?