Tawada Ta Goge, Takaici Bai Goge Ba

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Na buɗe da ƙwar biyu, amsa-amo "ba". Mai abin faɗa ya ɗora.

Na fita tun asuba da katin zaɓena a hannu,
Ko kokon safe ban tsaya na kurɓa ba.
Asabar ce, 25 ga Fabrairun 2023,
Ranar da har yau ba ta bar raina ba.
Sabon kuɗi ya ɓuya, tsoho ana gudunsa,
Ko na ruwan leda ban riƙe ba.
Har rana ta take muna tsaye a layi,
Akwati da masu shi ba su iso ba.
Da suka zo, na'ura ta ƙi yatsan Baba,
Ta leƙa fuskarsa, ba ta gane shi ba.
Shekara hamsin yana noma da hannun nan,
Zanen yatsa bai tsira daga fartanya ba.

'Yar Zazzau:

Malam, naku layi ne, namu har da ciniki,
Abin da na gani ban zata ba.
Taliya da sabulu da turmin atamfa,
Ko bayan katanga ba a kai su ba.
Maƙwabciyata ta karɓa, kanta a sunkuye,
Ni kuwa wallahi ban zarge ta ba.
Marayu huɗu, tukunya tun jiya a kife,
Wa'azin 'yanci bai taɓa cika ciki ba.

Mai Alli: Hajiya, a ba ni allo in yi lissafi.

Miliyan 93 ne suka yi rajista,
Masu fitowa ba su kai kashi 30 ba.
Tinubu ya ɗauki kujerar ƙasa duka,
Ƙuri'unsa ba su cika miliyan 9 ba.
Atiku da Obi da Kwankwaso in ka tara,
Sun haura miliyan 14, ba su tsira da komai ba.
Doka ta ce rinjaye da kwata a jiha 24,
Ba ta ce sai ka kai rabi ba.
Ni mudun nake tuhuma, ko wa ya auna:
Kaso ɗaya ya kwashe, bai rage wa biyu ba.

'Yar Zazzau: Malam, alƙalumanka sun karya karin waƙar, amma mun yafe.

Badamagare:

Yayana, mu a Nijar da zagaye na biyu muka saba,
A da ba a hawa in ba a haura rabi ba.
Fabrairun 2021 muka koma rumfa,
Bazum ko Mahaman Usman, ba wani na uku ba.
Yulin 2023 soja suka tare ƙofar fada,
Ba su tambayi mai ƙuri'a ko ɗaya ba.
Ku gyara mudunku, ban ce kar ku gyara ba,
Namu gyararre ne, bai hana a kifar ba.

Mai Alli: Ka ɗaure ni, ƙanena. Sai dai wanda aka sace wa akuya ba ya fasa gyara shinge.

Ɗan Fagge:

An ce sakamako zai hau IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe, daga rumfa,
Na shugaban ƙasa akasari bai hau a daren ba.
Aka tafi kotu, muka kasa kunne a rediyo,
Kotun Ƙoli ta ce ɗorawar ba dole ba ce, ba...

Kun ga har amsa-amon ya sarƙe ni. Bari in sake.

Mu Kanawa tun 2019 muka koyi "inkwankulusib",
Kalmar da kakanninmu ba su sani ba.
Tawadar yatsana ta goge cikin mako,
Takaicin nan sabulu bai wanke shi ba.
Jiya Baba ya zaro katinsa daga aljihun riga,
Ya ce, "Duba mini, bai lalace ba?"
Na juya shi, na goge, na mayar masa,
Ya tambayi ranar zaɓe, ban amsa ba.