Tukwanena suna fashewa a wuta, ina matsalar take?

Sabuwar Maginiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan da na fara aikin yumɓu a ɗan ɗakin da muke ajiye tarkace. Ba ni da faifan juyi, wato na'urar da ke juya yumɓu ana gina shi, da hannu nake ginawa: kofuna, ƙananan kwanuka da tukwanen furanni. Makon jiya na kai kaya 14 wurin wata baiwar Allah mai tanderun lantarki ta gasa min, guda 5 kacal suka dawo lafiya. Biyu sun tarwatse har sun ɓata na kusa da su, sauran kuwa ko tsaga a gindi, ko mariƙin kofi ya rabu da jikinsa. Wallahi da na buɗe kwalin sai da na yi hawaye, don akwai wani kwano da na yi kwana uku ina zana masa ganye.

Ita ta ce iska ce ta maƙale a cikin yumɓun, wai ban cuɗa shi sosai ba. To ni kuma hannuna har ciwo yake saboda cuɗawa. Don Allah waɗanda suka daɗe a sana'ar nan ku taimaka min. Ina kuma son in ji yadda kuke tsara yininku, don ina da yara biyu ƙanana. Sannan dole ne sai na sayi faifan juyi kafin a ɗauke ni a matsayin mai aikin tangaran?

Anti Mai Yumɓu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da alheri. Shekarata 16 a wannan sana'a, kuma har yau idan zan buɗe matoya sai gabana ya faɗi, saboda haka na san zafin da kika ji.

Bar wahalar da hannunki. Iska ba ta tarwatsa tukunya, ruwa ne ke yi. Ni kaina na yi shekaru ina zargin iska, sai da na fara gina abubuwa masu rami a ciki na ga suna fitowa lafiya muddin sun bushe ƙayau. Idan da sauran danshi a tsakiyar yumɓu, da zafi ya kai digiri 100 ruwan nan zai zama tururi, girmansa ya ninku fiye da sau 1,600, ba shi da hanyar fita sai ya fasa. Kuma yumɓu yana da yaudara: waje ya yi fari fat, ciki da saura. Abin da nake yi shi ne in manna gindin kofin a kumatuna. In na ji sanyi, bai shirya ba, ko da ido ya ce ya shirya. Kofi nakan ba shi mako guda. Abu mai kauri kuwa mako biyu zuwa uku, da damina har ya fi haka.

Tsagar gindi kuma labarinta daban. Baki da bango suna riga gindi bushewa, su tsuke su ja shi, shi kuma yana manne da katako bai sami iska ba. Tsagar tana nan tun kafin a kai wuta, siririya ce ba ki gan ta ba, wuta buɗe ta kawai ta yi. Ki riƙa danne gindin sosai da bayan cokali tun kina ginawa, kar ki bar ruwa ya kwanta a ciki, kuma da zarar bakin ya yi ƙarfin ɗaukar nauyi ki kife shi. Kaurin gindi da na bango su zo kusan ɗaya. Mariƙi kuwa sai danshinsa ya yi daidai da na kofin. Ki karce wuraren biyu da allura, ki shafa ruwan yumɓu mai kauri, ki danna, sannan ki rufe da leda kwana biyu kada ki taɓa. Wannan ledar ita ce rabin sana'ata. Ga manyan kaya nakan daka tsingaro ya yi laushi kamar yashi in zuba a cikin yumɓun, yana rage tsukewa kuma yana ba danshi hanyar fita. Waɗanda suka fashe miki ma kar ki zubar, daka su za ki yi.

Batun yini, gaskiya yumɓu ne ke tsara min shi. Ina tashi kafin yara, abu na farko in ɗaga leda in taɓa aikin jiya. Akwai wani lokaci da yumɓu ke yin tauri kamar fatar takalmi, bai bushe ba kuma ba ya lotsewa. Shi ne lokacin gyaran gindi, da manna mariƙi, da zane, kuma ba ya jiran kowa. In na ga zai zo a lokacin da ba ni da sukuni, sai in ƙara leda in jinkirta shi. Gini da hantsi nake yi, awa biyu zuwa uku, bayana ba ya ɗaukar fiye da haka yanzu. Da yamma wanke kayan aiki, sai tattara ɓarɓashin yumɓu a bokiti in jiƙa, don muddin bai shiga wuta ba yana sake komawa sabo. Gashi sau ɗaya a mako uku. Yarana tun suna ƙanana nake yanka wa kowa dunƙulensa in ba shi kusurwarsa. Babbar yanzu ita ke min mariƙi, kuma nata sun fi nawa tsafta.

Ina da littafi da nake rubuta kowane gashi: wane yumɓu, kwana nawa ya bushe, awa nawa a wuta, me ya fito. Na cika guda huɗu. Da na fara shi tun shekarar farko, da asarar da na yi ba ta kai haka ba.

In kina neman inda za ki ƙara koyo, a duk garin da kike, wurare uku nake ba da shawara. Sashen zane-zane na kwaleji ko jami'a, yawanci suna da matoya da wanda ya san ta. Masu yin jan bulo, sun san inda yumɓu mai kyau yake. Sai tsofaffin maginan tukwane, ki je ki zauna kusa da su ki yi shiru ki kalli hannunsu.

Faifan juyi kuma, ki duba bayan takardar naira 20. Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi faifan, amma manyan tulunan da suka kai sunanta Ingila da Amurka da hannu ta gina su, tana kewaya su, ta zana musu ƙadangare da kunama da kifi. Ki sayi faifai ranar da kika ga kina buƙatar kofi 30 masu kama ɗaya. Kafin nan hannunki ya isa.

Malamin Tangaran

Anti ta gama magana kan bushewa. Zan ɗan sassauta abu ɗaya kawai: cuɗawa tana da muhimmanci, don tana daidaita danshi. Yumɓun da wani ɓangarensa ya fi wani laushi zai tsuke ba daidai ba. Ki ci gaba da yi, amma ba sai hannu ya yi ciwo ba.

Malama, ki tambayi mai tanderun yadda take hawa da zafi, don wani lokaci daga nan ne. Kayan da aka gina da hannu suna son a riƙe su ƙasa da digiri 100 na wasu awanni kafin a ƙara wuta. Tsakanin 450 da 600 ruwan da ke haɗe da ƙwayar yumɓun kansa ke fita, daga nan ba ya sake narkewa a ruwa har abada. A digiri 573 silikar da ke ciki, wato sinadarin yashi, tana kumbura farat ɗaya, in ana saukowa kuma ta tsuke a daidai wurin. Gaggawa a nan tana tsaga kaya, ko a hawa ko a sauka. Ga yadda za ki gane: tsagar da ta faru tun wajen bushewa ko farkon gashi bakinta a buɗe yake, da kaushi. Ta lokacin hucewa siririya ce kamar gashin kai, mai kaifi, in kin ƙwanƙwasa kofin ba ya ƙara mai daɗi. Kada a buɗe matoya sai an iya taɓa kayan da hannu.

Gashin farko yakan tsaya kusa da digiri 1,000. Na biyu, bayan an shafa ruwan sheƙi, wato abin da ke narkewa a wuta ya rufe kayan kamar gilas, ya danganta da yumɓun. Wani yana ɗaukar 1,200 zuwa 1,300, amma jan yumɓu da yawa in ya kai can kumbura yake ko ya narke ya manne a kan shiryayye. In haƙo naki ake yi, ki yi gwaji tukuna. Ki yi ɗan falle, ki ja masa layi na santimita 10, ki auna bayan ya bushe, ki sake aunawa bayan gashi. Za ki san yawan tsukewarsa, sau da yawa tsakanin kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari ga yumɓu mai ɗaukar babban zafi. Ki kuma jiƙa shi ki tace da rariya. Ɗan ƙanƙanin dutsen farar ƙasa in ya shiga wuta, bayan makonni zai sha danshin iska ya kumbura ya ɓalle fuskar kwanon, alhali kin riga kin sayar.

Maman 'Yan Biyu

Ni abin da ya tsaya min a rai yaran ne, 'yar'uwa. Kar ki share ɗakin nan da tsintsiya. Ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da silika, tana zama a huhu ba ta fita, kuma sai bayan shekaru ciwon ke bayyana. Jiƙaƙƙen tsumma za ki riƙa gogewa da shi, ƙasa da tebur duka. In za ki daka tsingaro ki fita waje ki sa takunkumi mai tace ƙura. Rigar aikinki ma kar ki goya yaro da ita.

In kin zo sayen ruwan sheƙi, ki tambaya ko akwai dalma a ciki. Wanda bai iya ba ki amsa ba, kar ki shafa kayansa a abin da za a ci ko a sha a ciki. Dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa.

Sabuwar Maginiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Anti kin kama ni. Kwana huɗu kawai suka yi, kuma a rana na jera su don in samu shiga gashin ranar Asabar. Waɗanda suka tarwatse ɗin su ne masu kaurin gindi. Malam, na duba tsagar, duk a buɗe suke masu kaushi, ke nan daga wurina ne. Tsintsiya kuma na fitar da ita daga ɗakin tun ɗazu. Yanzu ina da kofuna shida da na gina jiya, me zan yi da su?

Anti Mai Yumɓu

Ki shigar da su inuwa, inda iska ba ta kaɗawa ta gefe ɗaya. Rana tana busar da ɓangaren da ke kallonta ta bar ɗayan, shi ya sa baki ke karkacewa. Leda a kansu kwana biyu, rana ta uku ki ɗan ɗaga gefenta, ta huɗu ki cire ki kife su. Gashin wannan Asabar ɗin ki bar shi ya wuce, ki kai su na gaba. Ki haɗa da fallen gwajin da Malam ya ce, ki rubuta kwanan watan a gindin kowane kofi da allura. In sun fito ki turo mana hoton gindinsu, nan nake son gani.