Neman shawara: in bar manhajata kyauta ko in sa mata kuɗi?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai kwana biyu, na ga gara in kawo shi gabanku.

A Agege aka haife ni, mahaifina kuma ya daɗe yana dillancin albasa a kasuwar Mile 12. Tun ina yaro nake ganin littafin bashinsa, dogo mai baƙin bango. Wata rana ruwan sama ya jiƙa shi, na tarar da Baba zaune kan buhu yana ɗaga shafi ɗaya bayan ɗaya da tsinken ashana don kada ya yage, saboda a ciki akwai sunayen matan da suka ɗauki kaya sai sun sayar za su biya. Shi ya sa da na koyi rubuta manhaja, abin da na fara haɗawa shi ne littafin bashi na waya, da Hausa. A intanet ake buɗe ta, ba sai an sauke komai ba. Ka rubuta wanda ya ɗauki kaya, buhu nawa, nawa ya bayar, nawa ya rage, idan lokaci ya yi kuma ta tura masa saƙon tuni.

Kyauta na bar ta tun farko, mutane kuwa suka karɓa, daga Mile 12 har Alaba Rago da mayankar Oko-Oba. To amma wurin da nake ajiye bayanan haya nake yi, da dala ake biya. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kowane saƙon tuni ma daga aljihuna yake fita. Yanzu duk wanda ya ƙaru, nauyi ne ya ƙaru a kaina, albashina kuma bai motsa ba. Shin in sa talla in bar ta kyauta, ko in rufe ta sai wanda ya biya kuɗin wata, ko akwai wata hanya? Ina jin nauyin abokan Baba ƙwarai, su ne suka fara yarda da ni.

Wani Alhaji mai tumatir a Mile 12 ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ina cikin masu amfani da abin nan naka, yarona ne ya saka mini. Ka saurare ni da kyau. Duk abin da za ka yi, kada ka rufe wa mutum littafinsa. An taɓa yi mini haka da wata manhaja, na wayi gari ranar da motar kaya ta iso daga Arewa, ina son ganin waɗanda nake bi don in haɗa kuɗin direba, sai ta ce sai na biya kafin in ga lissafina. Lissafina, da na rubuta da hannuna! Na biya saboda dole, amma a daren na sa aka kwafe komai a takarda, ban sake waiwayarta ba.

Ka dubi mai tsire. Yana ba ka ɗanɗano, in ka saya ya yi maka gyara, amma bai taɓa cewa tire ɗin duka na kowa ne ba. Rubuta bashi shi ne ɗanɗanonka, ka bar shi. Saƙon tunin nan kuwa, wallahi ko nawa ka sa masa daidai gwargwado zan biya. Ka san nauyin da ke cikin kiran matar da kuka shekara goma kuna ciniki ka ce mata ina kuɗina? Saƙon yana ɗauke mini wannan kunyar, kuɗin kuma yana shigowa.

Wani injiniyan kwamfuta da ke aiki a Yaba ya amsa:

Ƙanena, maganar Alhaji ita ce tsarin da manyan kamfanoni suke bi, sai dai shi da harshen kasuwa ya faɗa. Zoom tana barin ka yi taro kyauta, amma minti 40 ta yanke. Google yana ba ka wurin ajiya na gigabait 15, in ya cika ka saya. Canva ma haka, zane kyauta, wasu kayan aikin sai mai biya. Kowannensu ya zaɓi wurin da mai ƙaramar buƙata ba zai ji ciwo ba, mai babbar buƙata kuma zai ga dalilin biya.

Za a ce maka ai WhatsApp kyauta ce. Da can dala 1 take karɓa a shekara bayan shekarar farko, sai a 2016 ta daina, lokacin Facebook ya riga ya saye ta tun 2014 a kan kusan dala biliyan 19. Akwai mai ɗaukar mata nauyi, kai kuwa albashinka ne. Kuma su kansu manyan suna janye kyauta idan ta yi nauyi: Google Photos ya daina ajiye hotuna ba iyaka a watan Yunin 2021, Heroku, inda ake ɗora manhaja a intanet, ya rufe tsarinsa na kyauta a Nuwamban 2022, mu masu rubuta manhaja da yawa muka kwana muna kwashe kayanmu.

Talla ban ba ka shawara ba. Sai kana da jama'a masu ɗimbin yawa take kawo abin kirki, tana cin data, sannan in ba ka tsaya kana tacewa ba, wata rana dattijo zai buɗe littafinsa ya ga tallar caca ko ta bashin ruwa. Daga ranar ka rasa shi.

Wajen karɓar kuɗi, ka yi sa'a taka a intanet take, da ta Play Store ake biyan kuɗin wata da Google ya cire kashi 15 cikin ɗari. Paystack kuwa, masu karɓar wa mutum kuɗi ta intanet, kashi 1.5 cikin ɗari suke cira da ƙarin naira 100, kuma ba sa karɓar ɗarin idan kuɗin bai kai 2,500 ba. Wato a naira 1,000 za su ɗauki 15, a 3,000 kuma 145. Ka yi la'akari da wannan kafin ka yanke farashi.

Wata Hajiya mai atamfa a Balogun ta amsa:

Ni kam ban yarda da su gaba ɗaya ba. Ɗana, araha ba ta ado, balle kyauta. Ni abin kyauta tsoro yake ba ni, domin ranar da mai shi ya gaji zai rufe ya tafi, ba ni da bakin tambayarsa. In ina biya, ko da ɗari biyar ce, ina da ikon kiranka in ce abu ya lalace ka gyara. Kowa ya biya kaɗan, har abokan babanka. Mutumin da yake juya miliyoyi a kwandon tumatir ba kuɗin manhaja ne zai karya shi ba, kuma in suna ƙaunarka ba za su so ka riƙa ciyar da kasuwarsu da albashinka ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ce in saka katin banki ana cira duk wata. Mu ba ma son a taɓa mana asusu muna barci. Ka ba ni lamba in yi taransifa da hannuna, in ga alat.

Wani malami daga Idi-Araba ya amsa:

Allah ya yi wa aikinka albarka. Karɓar lada a kan aikin da ka yi halal ne, kada ka ji kunyarsa. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne sunaye da lambobin da ke hannunka. Wata rana masu ba da bashi ta waya za su iya zuwa su ce ka sayar musu, don su san wa ake bi da wa ke biya. Amana ce, kuma mutanen da aka rubuta sunayensu ba su ma san da kai ba. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Gara ka nemi kuɗinka a fili daga mai amfani da abin.

Wani mai POS a Obalende ya amsa:

Yaya, ka sayar da saƙon kamar katin waya. Mutum ya sayi guda hamsin ko ɗari, in sun ƙare ya ƙara. Ɗan kasuwa ya fi gane wannan da kuɗin wata, don akwai watan da kaya ba sa zuwa sosai. Masu POS na cikin kasuwa ma za su iya karɓar maka ka ba su la'ada.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna da Baba daren jiya na karanta masa amsoshinku. Ga inda na tsaya: rubuta bashi da duba shi zai ci gaba kyauta, kuma kowa zai iya fitar da lissafinsa duk lokacin da ya so. Saƙon tuni zan sayar da shi a dunƙule kamar yadda ɗan'uwa na Obalende ya ce. Mai shago da ke son yaransa biyu ko uku su riƙa shiga littafi ɗaya, shi zai biya kuɗin wata, ta taransifa. Hajiya, maganarki ta shige ni, zan sa lambar da mai biya zai kira ni kai tsaye. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan sanar da dattawan da suka saba samun saƙon kyauta.

Alhaji mai tumatir ya sake amsawa:

Kada ka tura musu a waya. Ka zo da kanka bayan sallar Azahar, lokacin an gama sauke kaya, ka zo da takardar kuɗin dalar da kake biya su gani da idonsu. Ka ba su wata guda kafin ka fara. Ka fara biyowa ta rumfata, ni zan zaga da kai.